Shekara 22 babu ko saƙo: tambayar da wata yarinya Bayahudiya ta yi kan ƙissar Annabi Yusuf

Bakatsinen Manchester:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Akwai abin da ya tsaya min a rai tun daren Juma'a, na ce bari in kawo shi nan inda malamanmu suke. Wanda muke ofis ɗaya da shi Bayahude ne, dattijo mai natsuwa, gidansa yana unguwar Prestwich inda Yahudawa suke da yawa. Ya gayyace ni cin abincin daren Asabar ɗinsu, wato bayan faɗuwar ranar Juma'a, don su ma daga magariba suke lissafin shigar sabuwar rana. Ana tsakiyar cin abinci sai ya dubi jikarsa, yarinya da ba ta wuce shekara 12 ba, ya ce me kika samo a karatun wannan makon?

Ashe sun raba Attaura kashi 54, kowane kashi suna ce masa parasha. Duk Asabar ana karanta kashi ɗaya a majami'a, a shekara a sauke, kuma ranar da aka sauke a ranar ake sake farawa daga labarin halitta. Wannan makon sun kai inda aka fito da Annabi Yusuf (AS) daga kurkuku ya fassara mafarkin sarki, sunan kashin Miketz. Yarinyar ta ce ita tambaya ce da ita. A lissafin littafinsu Yusuf yana da shekara 17 aka jefa shi rijiya, yana da 30 ya tsaya gaban sarki, aka yi shekara 7 na yalwa, aka shiga shekara ta 2 ta yunwa kafin ya bayyana kansa ga 'yan'uwansa. Shekara 22 ke nan. Ta ce lokacin da yake bawa da lokacin da yake ɗaure ta gane, ba shi da iko. To amma shekara 9 yana riƙe da Masar duka, me ya hana ya aika mutum ɗaya ya gaya wa tsohon nan ɗansa yana raye?

Wallahi tun ina yaro nake jin Suratu Yusuf, ban taɓa yi wa kaina wannan tambaya ba. Kuma ba wanda ya tsawata mata. Kakan ma murmushi ya yi, ya tashi ya ɗauko littafi.

Ɗan Sabon Gari:
Tsaya tukuna ɗan'uwa. Ka ci abincinsu? Ba giya suke buɗe cin abincin da ita ba?

Bakatsinen Manchester:
Na ci. Abincin Ahlul Kitabi an halatta mana a Suratul Ma'ida aya ta 5, kuma ba sa cin alade, ba sa cin jini, yanka suke yi. Maganar giya gaskiya ne suna yin addu'a a kan kofi, amma ya san ni Musulmi ne, ruwan inabi marar sa maye aka ajiye a teburin gaba ɗaya a daren.

Abu Mujahid:
Ni ban ga amfanin wannan zance ba. Allah ya ba mu ƙissar nan cikakkiya, ya kira ta ahsanal ƙasas. Me za mu nema a wurin waɗanda suka canza littafinsu? Kuma a wannan lokaci da kowa yake ganin abin da ake yi wa mutanen Gaza, kai kana teburinsu kana murmushi.

Alaramma:
Wa alaikumus salam. Abu Mujahid, ciwon Gaza ciwonmu ne duka, babu wanda ya isa ya ce ka daina jin sa. Amma hukuncin sauraron labaran Banu Isra'ila ba yau aka fara tambayarsa ba. A Sahihul Bukhari akwai hadisin da ya ce ku ba da labari daga Banu Isra'ila babu laifi, akwai kuma wanda ya ce kada ku gaskata Ahlul Kitabi, kada ku ƙaryata su. Daga nan malamai suka kasa Isra'iliyyat gida uku: abin da ya dace da namu, abin da ya saɓa, da abin da aka yi shiru a kansa. Duk wanda ya buɗe tafsirin Ɗabari a Suratu Yusuf zai ga irin waɗannan ruwayoyi jingim. Bakatsine, ci gaba, wace amsa kakan ya ba ta?

Bakatsinen Manchester:
Allah ya gafarta Malam, amsoshi ne ba ɗaya ba, kuma abin da ya fi ba ni mamaki ke nan. Littafin da ya ɗauko, ayar tana tsakiyar shafi, sharhin malamai ya kewaye ta, kowa da zamaninsa, wani yana raddi ga wani.

Ya fara da wani malami da suke kira Ramban, mutumin Girona a ƙasar Sifaniya, ya rasu a 1270. Shi da kansa ya yi tambayar yarinyar da zafi. Ya ce tsakanin Hebron, inda Yakubu yake zaune, da Masar tafiyar kwana shida ce kawai, kuma ko ta shekara guda ce ya kamata ɗa ya sanar da mahaifinsa. Amsarsa ita ce Yusuf ya ɗauki mafarkansa na yarinta a matsayin wahayi da dole ya cika a jere: farko 'yan'uwa goma sha ɗaya su rusuna, sannan a zo da mahaifin. Da ya aika saƙo da wuri, da an zo an fanshe shi an koma da shi gida, mafarkin bai tabbata ba.

Sai kakan ya ce wani malamin Sifaniya na ƙarni na 15, Yitzhak Arama, bai yarda ba. Shi cewa ya yi wanda ya ba da mafarkin shi zai cika shi, ba aikin mai mafarki ba ne ya bar tsoho cikin kuka don mafarki ya tabbata.

Amsa ta uku ta wani malami ce na wannan zamani, Yoel Bin-Nun. Ya ce mu masu karatu mun san an kai wa Yakubu riga da jini, amma Yusuf bai sani ba. Abin da ya sani shi ne mahaifinsa ne ya aike shi wurin yayyensa alhali ya san ba sa ƙaunarsa, kuma shekaru suka yi ta wucewa ba wanda ya zo nemansa. A gidan da aka fitar da Isma'ila, aka kuma ware Isuwa ɗan'uwan Yakubu, zai iya zaton shi ma an cire shi ne. Har ya kafa hujja da sunan ɗansa na fari, Manassa, wanda littafin ya fassara da cewa Allah ya mantar da ni wahalata da gidan mahaifina duka.

Yarinyar ta ce ta ukun ta fi kwanta mata, kakar kuma ta ce sam, ita tana tare da Arama, kuma har yanzu tambayar tana nan. Haka aka tashi ba a yanke ba.

Malama daga Zinder:
Ta ukun nan ba za ta zauna a ƙissarmu ba ko kaɗan. A Alƙur'ani yayyen ne suka roƙi Annabi Yakubu ya bar su su tafi da shi, shi kuma yana cewa yana tsoron kerkeci ya cinye shi. Yusuf ya san mahaifinsa bai so tafiyar ba. Sannan tun yana cikin rijiya aka yi masa wahayi cewa wata rana zai ba su labarin abin da suka yi alhali ba su gane shi ba. Wanda yake tafiya da wahayi ba a ce masa me ya sa ba ka rubuta wasiƙa ba. In ma za a kwatanta, maganar Ramban ce ta fi kusa da abin da muka sani.

Alaramma:
Haka ne Malama. Ki duba kuma aya ta 76, kazalika kidna li Yusuf. Dabarar da ya yi ta riƙe ƙaninsa Allah ya jingina ta ga kansa. Mu a wurinmu jinkirin yana cikin umarni. Amma ina so in faɗi gaskiya: tambayar yarinyar tambaya ce mai kyau. Da wani almajirina ya yi min ita da na ji daɗi, don alama ce yana sauraro da zuciyarsa.

Baba na Jos:
Salama gare ku. Ni Kirista ne, a Littafin Farawa muke karanta wannan labari, daga sura 37 har 50. Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, kuma kakata da shi ta koyi karatu. Akwai wani abu da kullum yake damun masu wa'azinmu: ana cikin labarin Yusufu, an sayar da shi, sai sura 38 ta yanke ta koma kan Yahuza, ɗaya daga cikin yayyen Yusufu, da surukarsa Tamar, labari marar daɗin karantawa a gaban yara. Da yawa tsallake ta muke yi. Ɗana Bakatsine, ka tambayar min abokin aikinka su yaya suke yi da ita.

Bakatsinen Manchester:
To Baba, na same shi yau da rana muna shan shayi. Ya ce ba sa tsallakewa, tana cikin kashin makon jiya mai suna Vayeshev, kuma a bainar jama'a ake karanta ta. Ya ce tsofaffin malamansu a wani littafin sharhi da ake kira Bereshit Rabba sun lura da kalma biyu. Da yayyen suka aika wa mahaifinsu rigar da suka tsoma a jinin bunsuru, cewa suka yi haker na, wato don Allah duba ka gane, rigar ɗanka ce ko ba ita ba ce. A sura ta gaba, da Yahuza ya yanke wa Tamar hukuncin kisa saboda ciki, sai ta aika masa da hatiminsa da igiyarsa da sandarsa, ta ce haker na, duba ka gane na wane ne. Kalmomin da ya soki mahaifinsa da su, su aka dawo masa da su. Sai ya amsa a gaban mutane cewa ta fi shi gaskiya. Abokina ya ce a wurinsu nan ne Yahuza ya fara zama wani mutum dabam, kuma in ka cire wannan sura ba za ka gane abin da zai yi nan gaba ba.

Baba na Jos:
Kai! Shekara fiye da arba'in ina karanta wurin nan ban haɗa su ba. A fassara kalmomin ba sa fitowa iri ɗaya da har kunne zai kama. Na gode ɗana.

Abu Mujahid:
Kun ga abin da nake gudu ko? An fara da tambaya, yanzu an kai ga jingina alfasha ga 'ya'yan Annabi. Gobe kuma a ce Annabi Yusuf da kansa ya yi kuskure.

Bakatsinen Manchester:
Ba zan ɓoye maka ba Yaya, suna faɗin hakan, kuma nan ne na ji ƙirjina ya yi nauyi. Babban mai sharhinsu, Rashi, wanda ya rayu a garin Troyes na Faransa daga 1040 zuwa 1105, ya kawo cewa Yusuf yana yaro yana yawan gyaran gashi don a ga kyansa, yana kuma kai wa mahaifinsu ƙarar yayyensa. Ya kawo cewa shekara biyu da ya ƙara a kurkuku saboda ya dogara ne da mai shayar da sarki ya ce ka tuna da ni. Har shekara 22 ɗin nan ya ce daidai take da shekarun da Yakubu ya yi nesa da nasa iyayen. Duk da haka lakabin da suke kiransa da shi Yosef ha-Tzaddik ne, wato Yusuf adali. Na ce masa mu Annabawa ma'asumai ne a wurinmu, ba ma magana a kansu haka. Ya ce ya sani, kuma ya girmama hakan.

Alaramma:
Wannan shi ne kashi na biyu da na faɗa, abin da ya saɓa wa aƙidarmu mu bar musu. Amma a yi adalci a kan maganar kurkuku. Aya ta 42 ta ce uzkurni inda rabbika, wato ka ambace ni a wurin ubangidanka, sannan fa ansahush shaiɗanu zikra rabbihi, wato Shaiɗan ya mantar da shi, ya zauna a kurkuku 'yan shekaru. Malamanmu sun yi saɓani kan wa aka mantar. Wasu sun ce Yusuf ne, kuma zaman ya tsawaita saboda neman taimakon wanin Allah. Ibn Kasir ya rinjayar da cewa mai shayarwar ne aka mantar, ya kuma raunana hadisin da ake kawowa a kan ɗaya fassarar. Kun ga ke nan maganar ta shigo littattafanmu, kuma malamanmu suka tace ta. Wanda bai san daga ina magana ta fito ba, da wuya ya iya tace ta.

Shi kuwa tzaddik ɗin nan, kunnena ya ji ƙamshin siddiƙ. Yusufu ayyuhas siddiƙ, aya ta 46.

Malama daga Zinder:
Akwai wani wurin da nake son sani. Matar Aziz da ta kira shi, Alƙur'ani ya ce laula an ra'a burhana rabbihi, wato ba don ya ga hujjar Ubangijinsa ba. A tafsiri an ruwaito cewa surar mahaifinsa ya gani yana cizon yatsa. Su ma suna da wannan?

Bakatsinen Manchester:
Suna da shi Malama, a Talmud, babban kundin koyarwar malamansu, a sashen da ake kira Sota: siffar mahaifinsa ta bayyana masa a taga. Labarin matan da suka yanke hannuwansu ma babu shi a cikin Attaura kanta, amma yana cikin wani littafin sharhinsu mai suna Tanhuma, inda aka ba su wani irin lemo da wuƙaƙe.

Amma abin da ya fi taɓa ni a nan ba labari ba ne, sauti ne. Su ma da rerawa suke karatu, kowace kalma da alamar yadda za a ja ta. Akwai wata alama da ake kira shalshelet, ma'anarta sarƙa, 'yar'uwar silsila ta Larabci. Sau huɗu kacal ta zo a Attaura duka. Ɗaya tana kan Luɗu lokacin da ya yi jinkirin fita daga garin da za a halaka, ɗaya kuma tana nan, a kan kalmar vayema'en, wato ya ƙi. Ya rera min ita a ofis a hankali: murya ta hau ta sauko, ta hau ta sauko, har sau uku, a kan kalma guda. Ya ce wasu malamansu suna jin kokawar zuciya a cikin sautin, wasu kuma suna jin ƙi ne bayan ƙi bayan ƙi. Tsigar jikina ta tashi. Na tuna yadda mai karatu yake jan maddi a wasu ayoyi har ka ji ma'anar ta shige ka kafin a fassara.

Alaramma:
Wannan ya shafi sana'ata. Yaya tsarin karatun yake? Daga ka suke yi ko dubawa?

Bakatsinen Manchester:
Dubawa suke yi amma sai da hadda, Malam. Littafin da ake karantawa a majami'a naɗaɗɗiyar fata ce da aka rubuta da hannu, babu wasali babu alamar rerawa, kamar kwafin Alƙur'ani na farko da ba su da ɗigo. Dole mai karatu ya haddace wasulan da sautin tun a gida. Ba a taɓa rubutun da yatsa, akwai ɗan tsinke na azurfa da ake bi da shi. Ranar Asabar ana kiran mutum bakwai ɗaya bayan ɗaya su tsaya kusa da littafin, in mai karatu ya yi kuskure jama'a su gyara masa nan take. Ana kuma karanta farkon kashin mako mai zuwa ranar Asabar da yamma, da Litinin da Alhamis da safe. Shekararsu wata 12 ce, amma sau 7 cikin kowace shekara 19 suna ƙara wata na 13, shi ya sa a gajeriyar shekara ake haɗa wasu kashi biyu a mako guda don a sauke a kan lokaci.

Ga wanda zai ba ka sha'awa. A da, mai karatu yana karanta aya da Ibrananci, wani a gefensa yana fassara wa jama'a da Aramiyanci, harshen da suke ji a lokacin. Yahudawan Yaman har yau suna yin haka. Kuma wani babban malaminsu ɗan Fayyum ta Masar, Sa'adiya Gaon, wanda ya rasu a 942, ya fassara Attaura zuwa Larabci, sunan da ake kiran fassarar da shi Tafsir.

Alaramma:
Ikon Allah. Mai jan baƙi da mai fassara ke nan, kamar yadda muke yi da azumi. Mu izu 60, su kashi 54.

Ɗan Sabon Gari:
Ni tambayata a kan cinikin ce. A makarantar allo an ce mana yayyensa ne suka sayar da shi, amma in ka bi ayoyin, ayari ne suka aiko mai ɗebo musu ruwa ya zura guga ya same shi. To wa ya sayar?

Alaramma:
Saɓani ne tsoho. Wa sharauhu bi samanin bakhsin. An ruwaito daga Ibn Abbas da Mujahid cewa yayyen ne, Ƙatada kuma ya ce mutanen ayarin ne.

Baba na Jos:
Mu ma ayar tamu haka take da sarƙaƙiya. Yahuza ya ba da shawara a sayar wa Isma'ilawa, sai kuma aka ce fatake Madayanawa suka zo wucewa, aka jawo shi daga rijiya aka sayar a bakin azurfa ashirin. Ba a fayyace su wa suka jawo shi ba. Kuma Ra'ubainu, babban wansu, ya dawo ya tarar rijiya wayam, ya yage tufafinsa.

Bakatsinen Manchester:
Baba, a daidai wannan aya jika ya saɓa wa kakansa. Rashi ya ce yayyen ne suka jawo shi suka sayar. Jikansa Rashbam ya ce a'a, suna can nesa suna cin abinci Madayanawa suka riga su. Kuma an buga maganganun biyu a shafi ɗaya. Rashi yana da wata lura a nan da na so: littafin ya ce raƙuman ayarin suna ɗauke da kayan ƙamshi, shi kuma ya ce irin waɗannan fatake yawanci man ƙasa da kwalta masu wari suke ɗauka, amma a ranar aka sa kayansu ya zama na ƙamshi don kada wari ya dami bawan Allah a hanya. Yaro an sayar da shi, amma ba a bar shi ba ko a cikin abin da hancinsa zai shaƙa.

Hajiya Yaya Babba:
Tun jiya nake bin zancen nan ban ce komai ba. Ƙanina ya fita da mota zai kai kaya wani gari, yau shekara shida, ba shi ba motar. Ba a kira mu an nemi kuɗi ba, ba a ga gawa ba. 'Yan'uwa sun taru sun ce a yi masa salla a raba gado a huta. Innarmu ta ce duk wanda ya zo mata da ta'aziyya kada ya zauna mata a tabarma. Har an fara cewa tsufa ne ya taɓa ta. Ni kaina na sha yi mata faɗa, Allah ya yafe min. Bakatsine, ƙanina, su me suka ce game da shi uban? Kowa yana ta tambayar ɗan, ni uban nake tunani.

Bakatsinen Manchester:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya Hajiya, Allah ya bayyana shi, ya sanyaya zuciyar Inna. Zan gaya miki abin da na ji ba ƙari. A littafinsu an ce 'ya'yansa duka sun taso su yi masa ta'aziyya, sai ya ƙi ta'azantuwa. Kalmar da aka yi amfani da ita ita ce vayema'en ɗin nan, wadda aka faɗa a kan Yusuf a gidan Fotifar, wato Aziz. Uba ya ƙi a Kan'ana, ɗa ya ƙi a Masar. Rashi ya ce dalilin da ya sa ya kasa karɓar ta'aziyya shi ne, mamaci aka hukunta wa zuciya ta manta da shi a hankali, ba a hukunta haka a kan mai rai ba.

Alaramma:
Hajiya, kada a ɗauki wannan a matsayin hujja cewa yana raye ko ba ya raye, gaibu na Allah ne, kuma hukuncin wanda ya ɓace yana hannun alƙali, shi zai duba tsawon lokaci da hali. Amma kada kowa ya sake ce wa Inna ta rikice. 'Ya'yan Annabi Yakubu haka suka ce masa, ba za ka daina ambaton Yusuf ba sai ka lalace ko ka halaka. Ya ce innama ashku bassi wa huzni ilallah, ni Allah nake kai wa kukana. Ya ce sabrun jamil, kuma ya yi kuka har idanunsa suka yi fari, duka biyun a sura ɗaya. Shi ne kuma ya ce ku je ku nemo labarinsa, kada ku yanke ƙauna daga rahamar Allah.

Abu Mujahid:
Allah ya bayyana shi Hajiya. Matsayina a kan littattafansu yana nan, amma zan sa shi a addu'a.

Bakatsinen Manchester:
Na dawo da labarin wannan makon tunda na yi wa Baba na Jos alkawari. Kashin sunansa Vayigash, wato ya matso. Makon jiya an yanke karatun ne a daidai inda aka sami kofin a jakar Biliyaminu ƙanin Yusuf, Yusuf ya ce shi kaɗai zai zauna bawa, sauran su tafi gida lafiya. A nan aka rufe littafin, jama'a suka yi mako guda suna jira, alhali kowa ya san ƙarshen labarin tun yana yaro. Yau Yahuza ya matso ya yi doguwar magana, ya ce a riƙe shi a madadin yaron, don ba zai iya komawa ya ga abin da zai sami mahaifinsa ba. Rahila ita ce mahaifiyar Yusuf da Biliyaminu: mutumin da ya ce a sayar da ɗanta na farko, shi ne ya ba da kansa saboda na biyun. Abokina ya kawo maganar malaminsu Musa bin Maimun, wanda aka haifa a Ƙurɗuba ya rasu a Masar a 1204, cewa cikakkiyar tuba ita ce mutum ya sake samun kansa a halin da ya yi laifin, yana da ikon maimaitawa, ya ƙi. A ganinsa abin da Yusuf yake jira ya gani ke nan.

Jikar kuma, ya ce, ta tsaya a kan nata. A cikin maganar Yahuza ne ya faɗi cewa mahaifinsu ya ce ɗaya ya fita daga wurina, na ce lalle an yayyage shi, ban sake ganinsa ba. Ta ce a nan ne Yusuf ya fara jin cewa ba korarsa aka yi ba, makokinsa ake yi, shi ya sa 'yan ayoyi kaɗan bayan haka ya kasa daurewa, ya fitar da kowa, ya ce ni ne Yusuf, mahaifina yana da rai har yanzu? Kakar ta ce su bari sai baɗi in an zagayo wurin su sake dubawa.

Baba na Jos:
Ranar Lahadi ba zan tsallake sura 38 ba. Zan karanta ta tare da sura 44.

Hajiya Yaya Babba:
Jiya bayan isha'i na je ɗakin Inna na karanta mata Suratu Yusuf daga aya ta 83 zuwa inda aka jefa masa rigar a fuska. Ban ce mata komai a kan gado ba. Da na gama ta ce in buɗe akwatin ƙarƙashin gado in fito da babbar rigarsa ta salla, a shanya ta ta sha iska, ta daɗe a ninke.